Jakar da Dukawa Suka Ce Ba a Gama Ta Ba

Duk mai son ya san inda kuɗin jakunkunan mata suke zuwa a Kano, to ya leƙa gidan da ake buɗe lefe. Za a jera akwatuna, a fito da atamfa da leshi da shadda ana guɗa, sannan a zo kan jaka da takalmi, kowane saiti an haɗa shi da zanen da ya shiga da shi. Tun ina 'yar rakiya har na kai ga zama cikin masu karɓar lefe, ban taɓa ganin an ɗaga jaka an ce wannan ɗinkin garin nan ce ba. Daga Dubai, daga Sin, daga Turkiyya. Akasarinsu ma ba fata ba ce, roba ce aka yi wa kwalliya, kafin amarya ta yaye ɗan fari ta fara ɓarewa tana zubar da gari a durowa.

Alhali a garin nan ne masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suke gyara fatun awaki da tumaki, ana loda su zuwa Italiya da Sifaniya. Kuma ba yau aka fara ba. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana rina fatu ja da ruwan karan dawa, ana kai su har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ta riƙa ratsa Sahara a bayan raƙuma, Turawa suna rufe manyan littattafansu da ita. Wannan tarihi kowa yana son ambatonsa a wajen taro. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalilin da Bakanuwa ba za ta rataya jakar Kano ta tafi biki ba.

Ni malamar lissafi ce a wata firamare mai zaman kanta, kuma a danginmu, na uwa da na uba, babu baduku ko ɗaya. Abin da na iya shi ne keke, shi ma na ɗinkin kayan yara. A 2021 na kwashi adashi, kowa a gida ya ɗauka firji zan canza. Sai na ce wa maigida ina son in koyi dukanci. Ya ɗan jima bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko na san sana'ar maza ce, kuma ta gado. Na ce na sani. Ya ce to kada in taɓa 'yan kunnena na gwal, kada in ci bashi, in kuɗin adashin suka ƙare magana ta ƙare. A kan haka muka tsaya, kuma har yau wannan iyakar ce take sa ni iya barci.

Na fara da Kasuwar Kurmi, layin masu kayan fata. Can ne ake ganin abin da dukawa suka gada: tumtum, zabira, kube, rigar laya, kayan doki na hawan sallah, takalma, da 'yan jakunkuna masu geza da ake yi domin baƙi masu yawon buɗe ido. Duk wanda na yi wa magana sai ya karɓe ni da fara'a, ya ce Hajiya kawo hoton jakar da kike so, mako ɗaya ki zo ki karɓa. In na ce ba ɗinki nake nema ba, koyo nake so, sai a yi dariya a koma kan wani zancen. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya koyi abu a gaban mahaifinsa tun bai kai shekarun kaciya ba, sai ga wata da jakar hannu da waya ta zo tana so a zuba mata shi a kunne.

Kawun maigida ne ya haɗa ni da wani dattijo da yake aiki a soron gidansa a cikin birni. Baba muke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Ya sa sharaɗi uku. Zuwan farko da mijina zan zo. A soro zan zauna, ƙofa a buɗe. Kuma ba zan taɓa wuƙa ba sai ranar da na iya zaɓen fata.

Zaɓen fata kuwa a majema ake koyonsa. Wanda bai taɓa zuwa ba, warin ne zai fara yi masa sallama tun daga bakin lungu. Ɗanyar fata takan zo da gishiri a jikinta ko a bushe ƙamas, a jiƙa ta har ta saki. Sai a tsoma ta a ruwan toka domin gashin ya yi laushi, a shimfiɗa ta a kan itace a kankare gashin, a juya ta a kankare ragowar nama da kitse. Daga nan akwai wani jiƙon da ake yi da kashin kaji ko na tattabaru, wanda shi ne yake sa fata ta yi taushi ta buɗe, kuma shi ne yake korar masu ƙyanƙyami. Bayan an wanke ta tas sai ta shiga ruwan bagaruwa da aka daka, ana juyawa ana murzawa har ruwan ya ratsa ta ciki da waje. Bagaruwa ce take mayar da abin da zai ruɓe ya zama abin da zai yi shekaru. In ta fito a shafe ta da mai, a shanya, a ja ta a miƙar. Ja ɗin nan da ake yi wa kirari kuwa daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake shuka ta ba sai don jan da ke jikin kararta, a daka shi a haɗa da ruwan kanwa. Rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, wanda da ƙarfe ake haɗa shi.

Baba bai yi mini bayanin komai a jere kamar yadda na rubuta ba. Tsayawa yake yi a gefe, majemi ya zube fatu a gabana, ya ce, “Malama, zaɓi.” In na ɗauko wadda ta fi sheƙi sai ya karɓa ya ɗaga ta saitin rana. Nan take sai ka ga inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, wurin ya yi shara-shara yana nuna haske. Irin wannan ba ya bayyana sai an ɗinke jaka an zuba mata kaya, sannan ta yage a daidai nan. Fatun layya sun fi fama da wannan, saboda ranar sallah kowa mahauci ne, har wanda rabonsa da riƙe wuƙa tun layyar bara. Sai tabon kaska, da na ƙuraje, da na ƙaya. Ya koya mini in ja fata ta tsaye in ja ta ta kwance, in ji inda take bayarwa. Gadon baya ya fi ƙarfi da tsayuwa, gefen ciki kuwa saki gare shi, in ka yanko fuskar jaka daga nan sai ta yi tumbi. Ya koya mini in sunsuna: warin bagaruwa daban, warin kitsen da ba a kankare da kyau ba daban, kuma na biyun ba ya fita ko da turaren wuta na duniya. Mata da yawa da suke cewa jakar gida wari gare ta, da irin wannan fatar suka haɗu.

Na daɗe ina faɗuwa wannan jarrabawa. Ranar da na ture wata fata mai kyan gani na ce a kawo wata, majemin ya kalli Baba, Baba ya kalli gefe. Washegari na tarar an ajiye mini wuƙa da dutsen wasawa a kan tabarmata.

A nan ne ainihin rigimar ta fara, domin zanen da na kawo ba irin wanda ya sani ba ne. Na yanka shi a kwalin taliya, na manna da gam don ya ga siffar. Jaka ce mai kusurwa huɗu, ba geza, ba tuntu, ba ɗorin fata mai launi-launi, ba zanen kuloko, ko dagin Arewa ban sa ba, tunda duk wanda ya rasa abin da zai sa sai ya manna dagi. Ja ce zalla, sai ɗinkin baƙin zare a gefe. Baba ya jujjuya kwalin ya ce, “To, sai adon.” Na ce, “Baba, babu ado, haka za ta fita.” Ya ce, “'Yata, wannan ai ba a gama ta ba. Wa zai ba da kuɗinsa a kan abin da ba a gama ba?”

Sai daga baya na gane abin da nake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne. Ado a dukanci ba kwalliya ba ce kawai, sutura ce. In fata tana da tabo, a nan ake ɗora fure. In ɗinki ya karkace, geza ta rufe. Jakar da ba ta da ado ba ta da wurin ɓuya: dole fatar ta zama lafiyayya tun daga wuya har wutsiya, dole kowane huji na basilla ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ga shi fatar akuya ba faɗi gare ta ba, wurin da ba shi da aibu a jikinta ɗan kaɗan ne, don haka jakata guda sai ta ci fatar da za ta yi masu ado biyu. Ban da wannan, a wurin dukawa da ado ake gane hannun gwani. Mutumin da ya shekara hamsin ana nuna aikinsa, yanzu a ga abu fili fetal ya fito daga soronsa. Kuma an yi maganar. Wani abokin sana'arsa ya shigo ya ga jakar a rataye, ya tambaya da ƙarfi ko ido ne ya fara ba Baba matsala. Ni kuɗin adashi na sa a wannan harka. Shi sunansa ya sa, kuma ba shi da wata makaranta da zai koma koyarwa idan abin ya ƙi.

Yankan farko ni na yi. Tela in ya kuskure yakan warware ya sake, allura ba ta barin shaida a atamfa. Fata kuwa duk inda wuƙa ta bi ta bi ke nan, duk hujin da basilla ta yi yana nan har abada. Na ɗora kwalin a gadon bayan fatar da ta fi kowacce tsada cikin waɗanda na saya, na zagaye shi, na riƙe wuƙa, hannuna ya ƙi sauka. Na ce ko in fara gwadawa a kan wata mai araha. Baba ya ce na riga na yanka masu araha har sun cika buhu, wadda ake tsoro ita ce take koyarwa. Ya ce in yi bisimilla, in ja sau ɗaya, kada in tsaya a tsakiya, domin inda aka tsaya nan layi yake karyewa. Na ja. Layin bai yi kyan nasa ba, amma ya ɗinku.

Fatar akuya ba ta da kauri, ba ta iya tsayuwa da kanta, sai mun manna mata wata a baya muka yi mata shafi da saƙi. Zif na ƙi sawa a waje, domin duk wanda na samu a Sabon Gari ko ya yi ƙyalli da yawa ko ya maƙale. Neman abin da zai rufe jakar ba tare da zif ba shi ya kai ni ga gafaka.

Akwai wata tsohuwar gafaka a rataye a soron Baba, irin wadda ake ajiye Alƙur'ani rubutun hannu a ciki, warƙa-warƙa ba a ɗinke ba. Marfinta yana saukowa ya rufe gaba, sai igiyar fata da aka kitsa ta zagayo ta ɗaure. Babu ƙarfe ko ɗaya a jikinta, kuma ta girme ni. Na ce ga abin da nake nema. Na koma gida na sake zane, jakata ta fito sak gafaka, sai dai ƙarama. Ina murna na kawo masa.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce, “Malama, kin san abin da ake sawa a cikin wannan. Ke kuma ki yi wa mata su zuba jambaki da hoda, su ajiye a ƙasa a gidan biki ana tsallakewa, su shiga bayi da ita? Ba da hannuna ba.” Na ce ai fata ce kawai da zare, babu rubutu a jiki. Ya ce in ɗauke kwalina.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, don a ganina zanen da ya fi kowanne kyau ne aka hana ni. Maigida ya ce maimakon mu yi ta ja a tsakaninmu, mu je wurin malamin unguwarmu. Na yi masa bayani, na ce, “Allah ya gafarta Malam, haramun ne?” Ya ce shi bai san wani hani a kan siffar jaka ba. Amma ya ce in duba, idan mai wucewa ya hango ta a ƙasa zuciyarsa ta buga yana zaton Littafin Allah ne aka yasar, to na jawo wa mai jakar zargi, na kuma saba wa idon mutane da ganin siffar a wulaƙance. Ya ce in ɗauki hikimar in bar kamannin.

Haka na yi, kuma aikin ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Gafaka tsaye take, na kwantar da tawa ta yi faɗi. Marfin na yanke shi a karkace maimakon ya sauko daidai. Igiyar ba ta zagaye jakar, sai ta shiga wani ɗan maɗauki na fata ta tsaya. Na yi ta kai wa Baba kwali yana girgiza kai, har ranar da ya ce wannan ko makaho ya shafa ba zai ce gafaka ba ce. Kuma ban taɓa tallata ta da wannan suna ba, ko da yake wata ƙawata mai harkar talla ta rantse mini sunan kaɗai zai sayar da ita a Legas. Yanzu in na ajiye zanen farko kusa da na ƙarshe, na ƙarshen ya fi zama nawa. Na farkon kwafi ne, tsohon abu kawai na ƙanƙanta.

Sai matsalar zuba. Karan dafi yana da kyan da babu wani rini na kanti da ya kai shi, ja ne mai zurfi da yake ƙara duhu in ya tsufa, amma yana bin gumi. Cikin jakunkunan farko akwai wadda wata 'yar'uwar maigida ta rataya zuwa ɗaurin aure da farin leshi, a tsakiyar zafin bazara. Ta dawo da jan tambari a kwiɓinta. Ba ta yi faɗa ba, ta dai aiko mini da hoton ba tare da ko kalma ɗaya ba. Na biya kuɗin leshin, kuma kafin mako ya zagayo duk dangi sun ji labari.

Dukawa sun san da wannan tun fil azal, sai dai tumtum da kube ba sa goguwa da farin leshi, don haka bai taɓa zame musu abin damuwa ba. Wani saurayi da ya yi karatu a cibiyar koyar da fasahar fata da ke Samaru, Zariya, shi ya nuna mini gwajin da ake yi: a samu farin ƙyalle, a goga a busasshe, a jiƙa shi a sake gogawa, a duba abin da ya ɗauko. Muka koma ɗauraye fatar bayan rini har sai ruwan ya fita fari, a shanya a inuwa, a shafa kakin zuma da aka narka da ɗan man kaɗanya, a goge da gindin kwalba har ta yi santsi. Zubar ta ragu ƙwarai, amma jiƙaƙƙen ƙyalle bai daina ɗauko ɗan ja-ja ba. Baba ne ya kawo maganin da ya fi sauƙi. Ya ce tunda bayan jaka ne yake taɓa jiki, a bar shi da launin bagaruwa, kada a rina. Maratayin ma haka. Sai jakar ta koma gaba ja, baya ruwan ƙasa mai haske. Yau da wannan ake gane aikinmu, har wasu suna zaton da gangan aka tsara shi tun farko. Duk da haka kowace jaka tana fita da 'yar takarda a ciki: kada ruwan sama ya jiƙa ta, a shafa mata mai da hunturu don kada ta tsage, a fito da ita ta sha iska da damina saboda fumfuna.

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba ta ba ni wahala ba, ta intanet aka yi, aka duba sunan babu mai shi, takarda ta fito, na buɗe asusun banki da ita. Hotuna a Instagram da WhatsApp, aike ta tashar mota. Wannan duk mai waya zai iya.

Farashi ne ya tsaya mini a wuya. Da na lissafa fata, da ladan majemi, da na Baba, da saƙi, da zirga-zirga, sai jakata ta kusa ninka kuɗin ta roba sau uku. Mace za ta ɗauka ta shafa ta yaba, ta tambayi daga ina, in na ce nan cikin birni aka yi sai ta ajiye ta ce, “Ta gida ce kuma da wannan kuɗin?” Wani mai shagon kayan lefe ya kira ni gefe ya ba ni shawara tsakani da Allah. Ya ce aikin ya kai, sunan ne bai kai ba. In bari a manna mata ɗan ƙarfen nan mai sunan Italiya, shi zai saye duk abin da na ɗinka, kuɗi hannu. A lokacin kuɗin adashin sun kusa ƙarewa, jakunkuna suna jere a kan gadon yara.

Ba na zagin masu yin haka. Akwai masu takalma da yawa a garin nan da a Aba da aikinsu ya kai a yi alfahari da shi, amma sun san in suka sa sunansu ba za a taya ba, ga iyali suna jiran cefane. Ni dai na duba na ga in na manna wannan ƙarfen, to duk abin da aka sha a soron nan, da dariyar da aka yi wa Baba, da leshin da na biya, wani Bature da bai san da mu ba na yi wa aiki, kuma ƙarya ce zan riƙa sayarwa. Na je wurin maƙeri ya yi mini hatimin tagulla, ana ɗumama shi a danna a bayan jaka: An yi a Kano. Mai shagon ya ce Allah ya ba da sa'a, bai sayi ko ɗaya ba.

Wadda ta fara sa jakata a lefe wata uwar ango ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta ce ta gaji da sayen abin da zai ɓare. A wajen buɗe lefen an yi ta cece-kuce, wasu suka ce rowa ce, wasu suka karɓi lambata. Daga nan aiki ya fara fin ƙarfin yammaci da Asabar da Lahadi. Ƙarshen zangon karatu na kai takardar ajiye aiki. Ummata ba ta so ba. Ta ce albashi ko ba shi da yawa an san ranar zuwansa, kasuwa kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Na ce, “Umma, ki sa mini albarka kawai.” Ta sa, amma har yau in na je gaishe ta sai ta tambaya ko makarantar sun sami wata.

Ajiye aikin nawa ke da wuya sai ga 2023. Farkon shekarar canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, majema kuwa ba su san tura kuɗi ta waya ba, su ma da tsaba suke sayen ɗanyar fata a kasuwannin ƙauye. Ga kuɗi a asusu, ga fata a gabana, ba halin ɗauka. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, kafin a ankara gam da zare da kuɗin mota duk sun tashi. A ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, dillalai suka ce fatun da suke shigowa ta wajen Maraɗi sun yi wuya, masu fitarwa waje kuma da dala a hannunsu suna ɗaga farashin abin da ya rage. Akwai watan da bayan na sallami kowa, abin da ya saura bai kai rabin tsohon albashina ba. Na kalli 'yan kunnen nan, na mayar da su cikin gwangwaninsu.

Sai dai tashin dalar da ya matse ni shi ne kuma ya buɗe mini ƙofa. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, jakar Dubai ta daina zama mai araha. Matan da suka ce “ta gida ce” suka fara dawowa suna tambaya ko akwai baƙa, ko akwai ƙarama ta zuwa walima. Ba na jin daɗin cewa kasuwata ta buɗe ne a lokacin da mutane suke kuka da tsadar shinkafa, kuma ba na ruɗin kaina cewa duk son aikin ne ya kawo su. Amma wadda ta riƙe jakar shekara guda ta ga ba ta ɓare ba, sai ma ƙara kyau da take yi, wannan ba sai na yi mata dogon bayani ba in ta dawo.

Kwanakin baya wani babban shago a Abuja ya nemi in riƙa kai musu da yawa duk wata, da sharaɗin jan ya zama iri ɗaya sak. Karan dafi ba ya yin haka. Kowane kwaɓi da yadda yake fita, kowace akuya da yadda fatarta take shan rini. Hanyar da za a samu iri ɗaya ita ce in koma sayen fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom, wadda ba ta wari, ba ta zuba, ana auna ta da ƙafa a ba ka ko nawa kake so. Na sayo kaɗan na gwada, jakar ta yi kyau, ba zan yi mata ƙazafi ba, har ta fi sauƙin ɗinki a keke. Na kai wa Baba ya gani. Ya shafa, ya sunsuna, ya ce, “Wannan ai ba kya buƙatata.” Gaskiya ya faɗa, ba ta buƙatar majemin ma.

Na rubuta wa shagon cewa kashi ɗaya cikin uku na abin da suka nema zan iya, kowace jaka da irin janta, kuma sai bayan damina, saboda fata ba ta bushewa yadda ake so a cikin laima. Sun ce za su yi shawara, har yanzu ba su kira ba. Ni kuwa na riga na ba majemin kafin alƙalami na fatun da za su isa wannan aiki, na kuma ɗauki 'yan mata biyu daga unguwarmu da Baba ya yarda su zauna a soro, bisa sharaɗin nan nasa guda uku.